Larabar Bene

A Galmi, bisa benen ƙungiyar manoman albasa,
dattawa tara ke zama.
Na ƙasa su ƙulla magana, na bene su ɗaga hannu.
Ni, Zali ɗiyar Gado,
nawa alƙalami ne da agogo.

Dokarmu ta bakwai gajera ce:
dattijo in yana tsaye, ba a tarar numfashinsa.
Ta takwas ta ce in ladan ya kira magariba
ba a ƙirga hannu, sai wata Laraba.

Nomau ya san su biyun kamar yunwar cikinsa.
Ya miƙe da hantsi a kan kuɗin buhu,
ya fara da rijiyar kakansa,
gaba nawa ce, wa ya haƙa, akuyar wa ta faɗa.
Azahar ta riske shi a shekarar fara.
A yi salla a dawo,
ya ɗauki zaren daga inda ya aje.
La'asar yana Madawa yana tayin jaki,
jakin ma bai saya ba.

Ƙasa, direbobin Abijan sun shanye shayi na uku,
sun kwanta ƙarƙashin motoci.
Albasa cikin rudu ta gaji da jira,
ta fara tsiro,
warinta na hawo mana matakala.

Laraba huɗu.
Littafina ya cika maƙil da rijiya da jaki,
hukunci ko na magani babu.

Sai Tunau ya zo da gyara a ƴar takarda:
kowane baki minti ashirin,
in shida cikin tara sun ce ya isa, to ya isa.
Na kwafe shi hannuna na rawa don murna,
har na ja masa layi biyu.

Da dare inna na tsinke ɗiyan albasa,
ba ta ɗago kai ba ta ce:
«Shekarar da takwas suka yarda
a sayar da fadamar bakin Maggiya,
har da garkar ubanki,
wa ya tsaya tun safe har rana ta faɗi,
Laraba uku, ƙafa ta kumbura,
sai da mai saye ya naɗe kuɗinsa ya tafi?
Wannan bakin ne.
Da rijiyar nan aka yi miki kuɗin lakkal.»

Na kwana ina juya takardar.
Ƙaya ce, na sani.
Amma da ita ake shinge.

Kuma gyaran, shi ma sai ya hau benen nan,
ya bi ta gaban mutumin da aka ɗinka shi dominsa.

Laraba ta zo.
Nomau ya dafa sanda ya miƙe.
Arzika ya gyara matashi zai yi barci,
ni na kifa agogo, mi za ni duba?

Ya ce: «Minti ashirin na karɓa, haƙorana sun ƙare.
Amma ku mai da shida bakwai.
Yau kuna da yawa.
Wata rana ɗayanku zai waiga
ya ga babu kowa bayansa sai bango.»
Ya zauna.

Na buɗe agogo. Minti huɗu.
Rana na tsaka, ga yini tuli gabanmu,
dattawa na duban juna
kamar waɗanda aka ba raƙumi babu akala.

Na jiƙa yatsa, na buɗe sabon shafi don ƙirga.
Sai Tunau ya tashi, wai bakwai ta yi yawa,
ya yi gyaran murya, ya dubi taga,
ya ce kafin ya shiga zancen,
akwai wata rijiya da kakansa ya haƙa.