Sanyin Ijora

An ce Legas ba ta san sanyi ba.
Mai faɗar haka bai taɓa dako a Ijora ba,
inda ake kulle sanyi da kwaɗo
a ɗakin da ba shi da taga,
ana ciyar da shi man janareto dare da rana.
Can nake wuni.
A waje gumi na jiƙa wuyan riga,
a ciki numfashina na fita fari fat, kamar na mai busa taba.

Kifi ne a kwali, kilo ashirin-ashirin,
daga tekun da ban san sunansa ba,
ido buɗe, a sandare kamar itacen girki.
In ɗauka, in sauke, in ɗauka.
Safar hannu ta yage tun azumin bara.
Oga ya ce za a kawo.

Tafina ya koma ƙasan tafki da rani.
Gishiri ya san kowace ƙofa,
ruwan alwala ma sai na cije leɓe.

Ran Talata na je banki.
Sau biyar ina dangwala babban yatsa,
na'ura na cewa ba ta san ni ba.
Yarinyar ta ce, "Baba, goga a goshi."
Na goga. Har yanzu ba ni ba ne.
Ashe ƙanƙara ta lashe zanen
da aka yi mini tun ina cikin uwata.

Wannan na haɗiye shi.
Wanda ya tsaya mini a wuya na Uwani ne:
na shafa kumatunta da dare, ta janye,
ta ce, "Baba, hannunka yana cizo."

Laure ba ta tanka ba.
Da safe ta tsallaka kwata zuwa rumfar Iya Sikira
ta sayo man kaɗanya ƙunshe a ganye,
su ori suke ce masa.
Ta sa shi a gwangwanin madara,
gwangwanin kuma cikin ruwan zafi,
wai wuta kai tsaye ƙona masa albarka take yi.
Cokali biyu na man kwakwar da ta tatsa da kanta,
da ɗan ragowar zumar da aka aiko mana daga Lere
wadda ake ɓoyo saboda tari.
Ta yi ta burgawa, tana burgawa,
har ya yi fari ya tashi kamar kindirmo.

Bayan isha ta jiƙa hannuwana a ruwan ɗumi,
ta murje su da sukari da man gyaɗa,
ta laɓta haɗin har tsakanin yatsu,
sannan ta zura mini safar makarantar Uwani.
Ƙato da ni!
Yarinya ta yi dariya har da shaƙuwa.
Na kwanta kamar ɗan damben
da aka naɗe wa hannu biyu.

A dare na tara, tana cikin shafa mini,
fitilar caji ta faɗa kan nata hannun.
Omo ya ci gefen farce,
wankaun gida uku ya bar mata sayi da tsaga
har zuwa wuyan hannu.
Kwana tara tana auna mini da yatsa,
abin da ya saura ta bi kitson Uwani da shi,
ita ko ɗigo.
Na cire safar da haƙori.
Ta ce, "Zai ƙare."
Na ce, ya ƙare.

Na koma banki jiya.
Na'ura ta yi tunani, ta yi tunani,
ta ce in dawo wani makon.
Oga ma ya ce za a kawo.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce, an ɗauke wuta,
janareton maƙwabta sun fara musu.
Gwangwani ya kusa nuna gindinsa.
Uwani ta yi barci, kumatunta a tafina,
hannun ya mutu tun ɗazu,
ni kuwa na ƙi motsi.