Aljihu na Tara

Ni na ɗinka rigar,
a shagona na Zengu, bayan kasuwar Dole,
shekarar da famfo ya yi wata uku bai ɗiga ba.
Ya ce, aljihu tara nake so, Malam Kiyari,
kowane da launinsa.
Na ce, sata za ka fara?
Ya yi dariyar nan
da daga baya ƙasa duka ta haddace.

Ran Laraba da la'asar, in wuta ba ta ɗauke ba,
yara kan cika gaban telen mai shayi,
masu garuwa su ajiye kurarsu a rana.
Kawu Aljihu ya zura hannu:
ga kwaɗon roba, ga goriba,
ga zare mai tsawon hanyar Tanut.
Na tara fa, Kawu?
Na tara sai wani mako!
Shekara goma sha ɗaya, makon bai zo ba.

Ran Alhamis rigar kan dawo wurina da yaga.
Tela ba ɗan sanda ba ne,
amma allura ba ta shiga sai an zazzage.
Tikitin caca, dokin da bai taɓa zuwa ba.
Fankon ƙwaya, an ɓare duka goman.
Sammacin alƙali, ninki takwas,
da sunansa na yanka a kai, Mutari,
sunan da ba yaron da ya sani.

Zuwera ta jure har kwanonin jerenta suka ƙare,
ɗaya bayan ɗaya, ta ƙofar baya.
Ran da aka zo da igiya auna gidan Garin Malam
ta riƙe hannun ƴarta, ta hau motar Mirya.
Ba ta ja ƙyaure ba. Ba nata ba ne kuma.
Washegari Laraba ce. Na kalla.
Wallahi bai taɓa ba da dariya kamar ranar ba.

Yanzu kan ƙyallayena yake kwana, in ya kwana.
In ba haka ba yana kan duwatsun Birni
yana ƙirga fitilun gidajen mutane.
Mata kan tare shi a titi da ɗa mai kuka,
ya kumbura kumatu, ya murza ido, kuka ya tsaya,
a sa masa albarka har ya sha kwana,
sannan ya zo ya ranci dala ashirin ta koko.
Kada a ce ina wanke shi.
Ina binsa jaka goma sha biyu, ban yafe ba,
kuma na san inda almakashina na Kano ya tafi.

Na taran shi ya ce in ɗinke bakinsa, zare biyu.
Watan jiya zaren ya gaji.
Takardar littafin lakwal ce, an ƙudundune,
a ciki haƙori, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.
Baba, ka jefa mini a rufin gidanmu.
Ban bari ƙadangare ya gani ba.
Baraka.

Kwanan watan ya shekara uku.
Rufin yana nan, da tauraron wani a kai.
Sabon haƙori ya daɗe da fitowa, bai jira kowa ba.

Na mayar, na ɗinke, na cije zaren.
Da ya zo sai ya shafa wurin da babban yatsa,
ya gane ɗinkin sabo ne.
Ya dube ni. Na dubi kekena.
Ya ce, nawa?
Na ce, a ɗora kan na baya.

A waje yara sun hango shi, sun fara kira.
Ya tsaya bakin ƙofa
ya gyara fuskarsa yadda ake gyara hula,
ya fita.