Sikelin Ɗanliti

Duwatsu goma sha ɗaya suka ciro.
Sista Rahila ta miƙo mini su a kwalbar magani,
ƙanana, kamar tsakuwar da ake tsincewa a wake.
Na ce, ashe shekara uku gini nake yi a ciki,
ba fili, ba takarda.

Matsarmama ta tafi.
Ban taɓa ganinta ba, ban mata sallama ba.
Huda huɗu ta bar mini a ciki
da maganar likita:
"Rumbun ya rushe, amma hanta na nan na aiki.
Ki ci kaɗan-kaɗan. Ki rage mai."

Mai!
Ni Lantana mai waina a Kakuri,
shekara ashirin da biyu ina shafa shi a tanda,
ya shiga zanena, ya shiga ƙumbana,
da shi na biya kuɗin makarantar yara huɗu.
Yau a ce mu gaisa daga nesa.

Watan farko zane ya riƙa kwancewa.
Maƙwabta suna sannu, suna leƙen wuyana.
Sai ciwon ya ɗauke,
wanda da yake tsaye bakin ƙofa da sanda
duk loma sai ta biya shi.
Mai gadi ya tafi, yunwa ta shigo da tabarmarta.

Tsire na gwada a Tudun Wada, tsinke biyu.
Kafin keke ya kai gada
ina roƙon direba ya taka.
Wannan ya faɗa mini gaskiya a fuska.
Munafukan su ne masu shiru:
tuwon dare malmala biyu,
shayi da suga cokali uku,
burodin da ba ya murɗa ciki.
Ba su taɓa yi mini tsawa ba,
sai dai suka tare a ƙuguna.

Iro tela ya zagaya ni da tef ɗinsa,
ya duba tsohon littafi, ya duba ni,
ya soke lamba bai ce uffan ba.

A Kasuwar Barci akwai yaro, Ɗanliti,
da sikeli a kan kwali.
Na cire takalmi, na ajiye jaka,
har numfashi na riƙe.
Tamanin da tara.
Na ce sikelinka ya lalace.
Ya ce, "Mama, shi ba ya cin hanci."

Shi ne na ɗauke kwanon jikata,
mai hoton agwagwa a gindi,
ina ci a ciki sau biyar, ba na cika shi.
Faten acca da yakuwa,
zogale, kifi gasasshe, wake ba manja.
Bayan asuba na kan bi gefen dogo,
in wuce masaƙun da suka yi shiru,
gwiwa na gunaguni, ni ma ina mayar mata,
in dawo in hura wutar da ba tawa ba ce.
Ina tuya wa gari, ina cin dafaffe.
Wani lokaci ƙamshin kan kama ni a maƙogwaro,
sai in ɓantari gefen guda
in miƙa wa Tasalla sauran.

Ranar sunan ɗan Kande na faɗi,
ba zan ɓoye ba.
Soyayyar kaza ce, ni ma 'yar Adam ce.
Na kwana ina zirga-zirga da buta.

Jiya na koma.
Tamanin da shida, wata huɗu.
Uku kacal? Mudu biyu na gero ya fi haka.
Ɗanliti ya ce, "Ai sauka ce, Mama."
Na ba shi kuɗinsa, na ƙara masa waina biyu,
shi matsarmamarsa na nan.

Kwalbar tana kan taga.
Idan jikata ta girgiza ta
sai ta yi ƙara kamar caki,
ta tambaye ni ko a shuka su.