Asu a Cikin Ulu

Ambulan ya iso ran Talata a jirgin fito,
tare da takardar kuɗin wuta da kasidar irin dankali.
Murdo ya yage bakinsa, ya ga 'yar kwalba
mai ɗan tsinke manne a murfinta,
ya karanta layi biyu, kunnuwansa suka yi jajir.
Ya ce, "Shekara talatin ina biyan haraji,
yau kuma bayan gidana gwamnati ke so?"
Ya cusa shi bayan agogo, ya fice rumfar saƙa.
Wannan ne na uku. Biyun farko murhu ya ci.

A tsibirin Lewis iska ba ta hutun Lahadi.
Ina jin masaƙarsa tana tari daga nan kicin,
ƙafa bisa feda, ƙoshiya je ki dawo,
ulu mai launin gansakuka da ruwan tabki.
Lafiyarsa lau, in ji shi. Yana cin tasa da ta wani.
Haka wansa Torquil ya ce,
har ranar da wando ya fara zame masa daga ƙugu.
Yanzu yana kwance cikin rairayin bakin teku,
tumaki na kiwo a bayan katangarsa.

Ban yi masa wa'azi ba. Na san kayana.
Na bari sai da ya sauke ƙyallen mako,
ya ɗaga shi saitin taga kamar kullum,
yana bin sa taƙi-taƙi da ido da yatsa.
Na ce, me kake nema? Ai ya yi kyau.
Ya ce, "Ishbel, ido ba ya ganin zaren da ya tsinke
sai haske ya ratsa ta baya."
Na yi shiru.
Shi ma ya yi shiru, ya fi nawa tsawo.

Da asuba na ji sakatar banɗaki.
Minti biyu, bai kai tafasar shayi ba.
Ɗan abin da kan tsinke ya ɗauko,
bai fi ƙwayar gero ba,
shi ya bi jirgin ruwa, ya hau mota, ya ƙetare duwatsu
zuwa wani ɗaki a Dundee
inda na'ura ke sauraron abin da hanji ya ɓoye
wa mai hanjin kansa.

Kwana tara. Wasiƙar ta ce an ga burbushin jini.
Ba ja ba, ba baƙi ba, ba abin da ido zai shaida.
Ta ce ba lalle mugun abu ba ne, amma a zo a duba.
Daren nan bai taɓa kifinsa ba.
Na ga hannun da bai taɓa kuskuren ƙulli ba
ya kasa ɓalle maɓallin riga.

Sun ba shi ruwan wankin ciki mai ɗanɗanon teku,
ya tsine masa da harshen kakanninsa.
Washegari aka zura siririn ido mai fitila
ya bi lungunan da rana ba ta sani ba.
Likita Oyelaran ta nuna mana hoton:
tsiro guda, kamar kan naman kaza,
zaune abinsa, yana jiran shekaru.
Ta ce, "Mun tsinke shi tun bai koyi mugunta ba."

A hanyar gida ruwa na dukan gilashi.
Bai ce na gode ba, ba halinsa ba ne.
Sai da muka wuce maƙabarta ya rage gudu,
ya ce, "Da Torquil ya buɗe nasa."
Bai ƙarasa ba.

Yau masaƙa ta koma tarinta.
Bayan agogo babu komai sai ƙura
da makullin rumfa.