Mai Ya Ƙare Kafin Fim Ya Ƙare

A tsakar gidan Iya Barira,
can ƙauyenmu na bayan Taura,
akwai akwatin da ɗanta ya aiko daga Fatakwal,
a lulluɓe da tsohon mayafi duk mako.
Ran Juma'a bayan isha'i ake yaye shi.
Mu 'yan mata mu zo da tabarma da soyayyar aya,
kowa da naira biyar ta karo-karon mai.

Tasi'u ne mai jan igiya.
Janaretan ba ya jin maganar kowa sai tasa.
Ya durƙusa, ya hure fulogi,
ja na fari ya yi tari,
na biyu ya yi gardama,
a na uku haske ya zubo kan fuskokinmu,
ƙwari ma su taho kallo ba gayya.

Kaset ɗaya muka fi so.
Wata yarinya ce sa'ata, mai jelar gashi,
ta ɓoye wasiƙa a littafin lissafi.
Ba ma jin yarensu,
amma in ta sunkuyar da kai
sai in ji nawa ya yi nauyi,
in ta ciji bakin gyale
sai in tarar da nawa tsakanin haƙorana.

Lita ɗaya ba ta kai ƙarshe.
Daidai inda yaron ke bin jirgin ƙasa a guje
janareta zai kama shaƙuwa,
hoton ya tsuke, ya zama ɗigo, ya mutu.
Tsaki ya tashi cikin duhu.
Iya ta ce, "Ku ɗaga kai, taurari ba sa shan mai."

Wani dare na tsaya naɗe tabarma
fiye da yadda tabarma ke buƙata.
Na ce, idona a ƙasa,
"Kai da ka gani a Ringim, ya cim ma jirgin?"
Ya ɗauki tsumma yana goge hannu,
ya daɗe yana gogewa.
"Ya cim masa. Kujera ɗaya ma suka zauna."

Daga nan kowace Juma'a sai ya ƙara mini kaɗan.
Wai sun sauka wani gari mai fadama,
yaron ya kama shago yana gyaran injin ban ruwa,
ita tana koyarwa a firamare.
Ban nuna na gane ba
cewa garin da namu kamar an tsaga kara,
har da tsamiyar bakin kasuwa.
Na koma gida da warin fetur a hijabina,
na ƙi wanke shi kwana uku.

Shekarar da ruwa ya ci shinkafa
ya bi motar albasa zuwa kudu.
Ba wanda ya raba mu.
Me aka ƙulla, balle a kwance?
Janaretan ya ƙi tashi a hannun kowa,
kaza ta yi ƙwai a bayansa.

Jiya 'yata Nusaiba ta zo da waya,
cajinta cike, ba karo-karo, ba igiya.
Na kwatanta mata jirgin da littafin,
ta lalubo shi kafin shayi ya huce.
Muka kalla har sunaye suka hau.

Bai cim ma jirgin ba.
Ya tsaya inda dandamali ya ƙare,
hannu a gwiwa, yana haki.
Yarinyar ta girma a wani gari,
ta sa tabarau, ta yi 'ya'ya,
wata rana littafin ya faɗo daga kanta.

"Umma, kuka kike?"
Na ce hasken wayar ne.
Sannan na ce, "Wannan an yanke shi.
A na asali ya cim ma jirgin.
Wanda ya gani da idonsa ne ya gaya mini."