Sisin Bauna

Gwangwanin madara ne gadona.
'Yan'uwa sun raba rediyo, katifa, da bashin mai gida,
ni aka miƙo mini abin da ke kuka in an girgiza.

Shekara talatin da ɗaya Baba Cindo yana gadi a Apapa,
ƙofar da jirage ke amayar da mutane.
Matuƙan ruwa in sun yi tatul
sai su zazzage aljihu a tafinsa,
tafin nan mai yatsa shida
da yake turawa cikin hannun riga ko a sahun salla.

Sisin Amurka, senti biyar.
Gefe guda bauna ta sunkuyar da kai
kamar wadda aka yi wa faɗa a gaban baƙi.
Gefe guda dattijo da gashin tsuntsu a kitso
yana kallon inda ba mu.

Ni ɗan canji ne a bakin Balogun.
Nakan san farashin dala kafin in kuskure baki.
Takarda muke saye, ƙarfe ba ya shiga lissafi.
Sai Sallau, maƙwabcin bencina, ya ce akwai wani tsoho a Yaba
da ke biyan kuɗin gaske a kan kuɗin da ya mutu.

Daren nan ban runtsa ba.
Toka, lemun tsami, tsohon soso.
Guda arba'in da bakwai na dirje su ɗaya ɗaya
har suka riƙa ƙyalli kamar haƙoran Makka.
Wa ke kai kaya kasuwa da dauɗa?

Baba Oyewole ya maƙala gilashi a ido ɗaya.
Fanka na juyawa ba iska.
Ya daɗe.
Da Hausar da ya tsinto a Zariya ya ce,
"Yaro, wa ya wanke?"
Na bugi ƙirji.
"Kash. Dauɗar nan ita ce shekarun,
shekarun nake saye."

Ya ce akwai wata bauna mai ƙafa uku,
injin ya yi kuskure, ya cinye mata guda,
ita ce masu tarawa ke wasoso a kai,
takan biya hayar ɗaki har ta bar canji.
Muka hau ƙirga ƙafafu, ni da shi,
manya biyu, kai a haɗe.
Huɗu. Huɗu. Huɗu.
Duk baunan Baba lafiyarsu ƙalau.

Ya taya kuɗin mota da na shinkafa.
Na ce albarka.

A danfo, gadar Eko ta cushe,
ruwa a ƙasa launin tsohon kwabo.
Ashe akwai inda tawaya ke da masaya.
Ashe akwai masu bin kuskure da fitila.
Shi kuwa ya rayu, ya mutu,
hannu a naɗe.

Kwandasta na ihun a ba shi canji.
Na sa hannu a gwangwani, na laluɓo ɗaya
wadda shekararta ta goge tun kafin sosona,
wadda tsohon ya ture gefe bai ko duba ba.
Akwai ɗan kwari a kafaɗar dattijon,
inda wani ya murza, ya murza,
daga isha'i zuwa asalatu, dare dubu nawa.

Na ɗora babban yatsana.
Ya zauna daidai.