Ƙusa a Cikin Dogon Yaro

Da la'asar sakaliya muka sauko,
mu huɗu, garin katako a gira da kunne,
muka zube a rumfar Ilu ta Zango
inda butar shayi ba ta san hutu ba.

Kyari ya shimfiɗa sarƙar inji a kan tabarma,
ya ce, ku duba.
Haƙora uku sun tafi.
Ba dutse ba ne, ba gangancin hannu ba,
ƙusa ce,
can cikin dogon yaron bakin tasha,
taƙi guda daga ɓawo.
Iccen ya haɗiye ta ya yi shiru.

Lawali ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi,
ya ce, ta wane zaɓe ce?
Don duk mun san yadda suke zuwa:
yara da tsani da guduma, tsakar dare,
su kafe fuskar mai alkawari a jikin icce.
Damina ta wanke fuskar,
akuya ta cinye abin da ya faɗo,
ƙusa ta yi zamanta.

Shayibu ba ya son a taɓa mutanensa.
Ya ce nasa gwanin ya kawo famfo Garin Malam.
Lawali ya ce, famfon da ke tari sau ɗaya a mako?
Murya ta hau murya.
Ni kuwa lissafi nake da yatsu:
sabuwar sarƙa jika goma sha biyu,
kuma mai inji ba ya asara,
a guminmu zai cire.

Shekara tara muna hawa da kayan wani.
Mu ne a sama, igiya a ƙugu,
rina a wuya, wayar lantarki na huci kusa da kafaɗa.
Shi yana inuwa yana ƙirga rassa.

Sai Kyari ya ce, mu sayi namu.
Rumfar ta yi tsit, har muka ji garwashi.
Ya ce ya taya wani a kasuwar Dole,
ba sabo ba, amma yana tashi da ja biyu.
Jika ɗari da sittin.
Ga takardar 'yan gandun daji,
ga hatimin meri, ga hayar amalanke,
ga man da ba a ba da shi bashi.

Shayibu ya gyara zama, ya ce yana da mutum a meri.
Lawali ya ce, yau dai siyasarka ta yi rana,
in bai ce sai an ga bayan zaɓe ba.
Kuma sharaɗi ɗaya, in ji shi:
ko nawa aka ba mu, ba ma taɓa gawo.

Ban ce komai ba.
Ina tuna ubana da gatarinsa,
ƙafa ba takalmi, a kan tsamiyar Mirriya,
da ranar da reshe ya ƙi shi.
Bai bar mana bashi ba, bai bar mana inji ba.
Ya dai ce, kafin ka sari icce
zagaya shi sau biyu, ka ga inda yake son faɗuwa.

Na zagaya maganar Kyari sau biyu.
Na sa hannu a aljihu.

Ilu ya miƙo gwangwanin madara, ya yarda zai riƙe mana,
amma a fara biyan shi shayin wata uku.
Ɗari biyar, ɗari biyar, ɗari uku,
Shayibu ya ce nasa sai Alhamis.
Kyari ya jefa ƙusar a kai, tanƙwararriya, duk tsatsa,
ya ce ita ma da rabonta a ciki.

Gobe da asuba akwai maɗaci a Sabon Gari
da ya kwanta bisa katangar wata tsohuwar malama.
Da injin haya za mu je.
A tuna a zo da igiyar nan mai tsawo.